Fam Goma Sha Bakwai na Kawu Bulus

Duk wanda ya taɓa kwana a gidana da ke garin Woodbridge, can ƙasar waje, ya san sikelin Kawu Bulus. Kafin baƙo ya gama gaisuwa ya ɗora jakarsa a kai. "Fam talatin da biyu! Kai a hanya za mu bar ka."

Laifin wasu samari biyu ne masu fararen riguna, 'yan cocin Mormon, da suka ƙwanƙwasa mana ƙofa a shekarar da na ɗauko shi, bayan an ƙona masa gida a rikicin garinmu. Wa'azi suka zo yi, shi kuwa ya cika su da tuwo da miyar kuka, ya tatsi labarin kakanninsu kaf: yadda aka kore su daga garuruwansu, suka ja amalanke da hannu wata da watanni har yankin Utah, kayan kowa kada ya wuce nauyin fam goma sha bakwai. "Cocina ya ishe ni," in ji shi, "amma mutanenku sun san tafiya."

Daga ranar ya haɗa jaka, fam goma sha bakwai cif, ya ajiye ta bakin ƙofar ɗakinsa. Ni kuwa abu ɗaya nake so: ya kwance jakar nan, ya yarda ya iso gida. Shekara tara ina fama!

Na sayo masa durowa mai kyau ya zuba kaya. Washegari na buɗe, cike take da albasa.

"Kawu, albasa fa?"

"Tana son inuwa, Rifkatu. Ni kuma ba a san ranar tashi ba."

Sai ya kwance tayoyin keken mijina, ko sallama babu, ya haɗa amalanke. Da shi yake zuwa kanti, sanye da kwat ɗinsa ta coci. Ina bakin aiki a asibiti maƙwabciya ta kira, wai ɗan sanda ya tsayar da tsohonmu a kan tudu. Na taho a guje. Me zan gani? Kawu yana ja, ɗan sanda yana turawa, gumi sharkaf.

"Yaron kirki ne," Kawu ya ce da ni da Hausa, "amma ba ƙashi. Da bai kai Utah ba."

Ranar da za mu biki a garin Lanham kuwa, muka maƙale a cunkoson babban titi mai lamba 95, mota ko motsi. Ya leƙa taga, ya yi tsaki. "Da amalanke ne, da yanzu muna cin shinkafa." Abin da ya fi ba ni haushi, ina jin gaskiya ya faɗa.

Rannan na yi tuntuɓe da jakar, haƙurina ya ƙare. "Haba Kawu! Wa zai kore ka a nan? Gidanka ne!"

Ya dube ni. "Haka na ce a can ma. Su ma mutanen amalanke sai da suka yi gini, suka yi shuka, sannan aka kore su." Ban sake tayar da maganar ba, amma raina bai daina sosuwa ba.

Da ciwon ajali ya zo, kwana huɗu ya yi a asibiti ya cika. Bayan jana'iza na shiga ɗakinsa, na ga jakar a inda take kullum. Na sunkuya da haushi, na fizge ta da ƙarfin fam goma sha bakwai, saura kaɗan in faɗi. Ba komai a ciki.

Na jawo durowa. Ga rigunansa a ninke, ga Littafi Mai Tsarki, ga zanen marigayiya matarsa a ƙasa. Duk warin albasa suke. Ban san yaushe ya kwance ba, ko bara, ko makon jiya. Mai taurin kan nan, ko ya gaya mini!

Ubangiji ya ba ka hutu, Kawu, a gidan da ba mai korar ka. Amin.