Reshen Ƙayar da Na Kawar

Cikin duk shekarun da na yi a makaranta akwai yini guda da na san ba zai taɓa fita daga raina ba. Shi ne ranar da aka kai mu yawon buɗe ido wani gandun daji na gwamnati, ina aji uku a ƙaramar sakandare a Ikara.

Abin da idona ya fara sauka a kansa da muka fito daga bas shi ne itace. Busasshen itace zube a ƙasa ta ko'ina, wani har gara ta fara ci, kuma babu mai ɗauka. Mu a ƙauyenmu Malikanchi da karan dawa da totuwar masara muke girki rabin shekara. Sauran yara na ta tambayar ina birai, ni kuwa ina tsaye ina tunanin da Innarmu ce ta zo wurin nan, da ba ta koma gida hannu sake ba.

Aka raba mu gida biyu. Rukunin farko, wanda nake ciki tare da Malamar ajinmu, wani dattijon ma'aikacin daji ne zai ja mu, siriri mai furfura a gemu, kakinsa ya koɗe a kafaɗa. Kowa Baba yake ce masa. Rukuni na biyu za su biyo bayanmu da rabin awa tare da malaminmu na kimiyya, su bi farin fentin da aka shafa a jikin itatuwa. Ƙawata, wadda muke zama benci ɗaya, tana cikinsu. Kafin mu tashi Baba ya ce, "'Ya'yana, abin da kuka gani ku kalla da ido. Kada ku taɓa komai." Na ɗauka furanni da ƙwari yake nufi.

Ni dama ba na iya shiga gaba. Ko a aji, in na san amsa sai in raɗa wa ƙawata ta faɗa. Don haka ni ce ta ƙarshe a layi, ina tafe ina kallon tururuwa da irin ganyen da ban taɓa gani a gonarmu ba. Bayanin da Baba yake yi a gaba, iska ce kawai take kawo mini gutsurensa.

Muka iso inda hanya ta rabu biyu. Ta dama faffaɗa ce, shararriya, ta hagu kuwa 'yar siririya. Duka biyun akwai farin fenti. Na ga layinmu ya karkata hagu, na kuma ga dalili: wani ƙaton reshen ƙaya ya gitta a bakin ta dama.

Sai na tuna Kakana. Malami ne, a zaurensa na yi karatun allo, kuma bai taɓa wuce ƙaya ko fasasshiyar kwalba a hanya bai sunkuya ya kawar ba, ko da zai makara masallaci. Ya sha gaya mana akwai lada a cikin haka, musamman in babu wanda ya gan ka. Na waiwaya, babu kowa. Na ce a raina, bari in gyara wa su ƙawata hanya, kada su wahala kamar mu.

Abin da yake ci mini rai har yau shi ne, na lura da komai. Na ga gindin reshen sara ne na adda, sumul, ba karyewar iska ba. Na ga an ɗora masa duwatsu biyu don kada ya motsa. Na gani da idona, amma ban tsaya na tambayi kaina wa ya ɗora su ba. Na ture duwatsun, na ja reshen da ƙyar zuwa cikin ciyawa. Ƙaya ta yage mini bayan hannu. Na ruga na cim ma layi ina jin daɗi a zuciyata.

Mun kusa fita daga dajin muka ji ihu daga nesa. Baba ya tsaya cak, ya saurara, ya ce wa Malamarmu, "Ki fitar da su, hanyar nan miƙaƙƙiya ce." Ya fizgi busasshiyar ciyawa, ya laluba ashana a aljihu, ya juya da gudun da ban zaci mai shekarunsa zai iya ba.

Ashe zuma ce ta tare a kogon wata bishiya a kan hanyar dama, shi ya sa aka toshe ta. 'Yan rukuni na biyu suka iske ta a buɗe, suka shige suna waƙa.

Da aka fito da su, wasu ba takalmi, wasu ba hijabi. Idon ƙawata na hagu ya kumbura ya rufe. Wata yarinya numfashinta ya riƙa sarƙewa, aka sa ta a motar gandun aka nufi asibiti. Allah ya sa ta warke, amma a lokacin babu wanda ya san haka.

Shugaban ma'aikatan ya iso. Bai kai Baba shekaru ba, ko kusa. A gabanmu ya fara.

"Baba, ba tun Litinin na ce ka toshe hanyar nan ba?"

"Na toshe, Yallaɓai."

"To aljanu ne suka buɗe?"

Wasu samarin ajinmu suka yi dariya. Baba ya ce ya koma ya duba, reshen yana cikin ciyawa, jan sa aka yi.

"Wa ya ja shi? Kai da kake karanta sawun gada a kan dutse, ba ka ga sawun mutum ba?"

Baba ya juyo wajenmu. Idonsa ya bi ta kanmu a hankali, ya sauka a ƙafata, ya hau kan hannuna, sannan ya wuce. Ya ce, "Daji ne, Yallaɓai. Mutane na wucewa."

"Shi ke nan. Gobe ka zo ofis ka ajiye kakin. In wani abu ya sami yarinyar nan, kai za ka yi bayani."

Na cusa hannuna cikin hijabi. Ina so in ce a nan take na yi magana, amma ban yi ba. Aka yi sallar azahar, ruwan alwala ya shiga yagar hannuna yana zafi, ban yi magana ba. Aka raba mana shinkafa a leda, ƙawata ta jingina da ni tana cewa, "Wallahi tsohon nan bai kyauta ba, dubi idona kamar gauta," na gyara mata jiƙaƙƙen ƙyalle a fuska, ban yi magana ba. Daga inda nake ina hango Baba shi kaɗai a gindin maɗaci. Shi ma harbin zuma ya kumbura masa wuya. Ya cire hular aikinsa ya ɗora a gwiwa yana shafa ta da babban yatsa, ƙunshin abincinsa yana gefe bai kwance ba.

Sai da direba ya tayar da bas aka fara kiran suna, sannan ƙafata ta ɗauke ni. Na je gaban shugaban na durƙusa. Na yi magana sau biyu bai ji ba.

"Ɗaga murya, yarinya."

"Ni ce na ja reshen."

Malama ta ce, "Ke? Ke da ko tari ba kya yi a aji? Don me?"

Na ce, "Don lada."

Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka bi. Har na gama makarantar ana kirana Mai Lada. Ƙawata ba ta yi dariya ba. Ta kalle ni da idon da ya rage mata, ta juya baya, kuma sai da muka yi sati biyu a benci ɗaya ba ta ce mini komai ba.

Shugaban ya je gindin maɗacin, ya rage tsawo a gaban Baba. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ga Baba ya mayar da hularsa kansa.

Da na je gaishe shi na kasa ɗaga ido. Ya ce, "Takalminki na hagu, ƙusa uku ne a dunduniya, ko?" Na gyaɗa kai. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya ce, "Ina da kamarki a gida. Na ce bari in ga ko za ki zo da kanki."

Yanzu shekaru sun ja, kuma har gobe ina kawar da ƙaya a hanya kamar Kakana. Amma na koyi cewa in na je wurin da ba namu ba, abin da na iske a ajiye akwai wanda ya ajiye shi, kuma tambaya ta fi kyakkyawar niyya sauƙi. Na kuma koyi cewa abin da nake kira kunya ba kullum yake zama tarbiyya ba. Jan reshen kuskure ne. Awannin da na yi ina kallon dattijon nan da bakina a rufe, su ne laifina.

A ranar dai, direba na ta danna hon, Malama na kirana. Na dubi Baba ido da ido a karon farko, na ce, "Baba, don Allah ka roƙar mini Malama su jira ni. Ina so ka raka ni in mayar da reshen da hannuna."