Tambayar da Sista Rifkatu ta yi min

Talata, 11 ga Maris. Shekara ashirin da uku ina fushi da Sista Rifkatu. Da safen nan ina bakin aikin gadi a Alexandria, nan ƙasar Turawa, aka bugo min cewa ta rasu.

Nas ce, 'yar Filato. Ita ta karɓi haihuwar 'yata Murna a falonmu a Wheaton.

Lokacin ba mu da takardun zama a ƙasar. Naƙuda ta kama matata Hannatu da tsakar rana, na hana a kira ambulan. Na ce kada maƙwabta su ji ko tari. Sista ta taso daga aiki, ko yunifom ba ta cire ba.

Hannatu ta haihu ba ta yi ko nishi ba. Ni da na koyar da tarihi a kwalejin pastoci a gida, sai baki ya buɗe. Na ce haka matan Isra'ila suka yi a zamanin bauta a Masar, suna haihuwa a ɓoye, shiru, saboda dauriya.

Sista tana wanke hannu, ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Malam, su Fir'auna suke tsoro. Ita wa take tsoro?"

A gaban matata ta faɗa. Ban yafe ba.

Duk da haka sati biyu tana zuwa wankan jaririya, da fulas ɗin kunun kanwa. Ita ta kai su asibiti washegarin haihuwar. In ta shigo, ni in fita.

Bara muka haɗu a shagon kayan abinci a Wheaton, tana zaɓen doya. Ta rame.

"Malam, har yanzu?"

Na ce ina sauri, motata tana wurin da bai kamata ba.

Ta yi dariya. "To, a gaida min 'yata."

Ban isar wa Murna gaisuwar ba sai yau. Da Turanci ta tambaye ni, wace ce?

Na gaji da ƙasar nan, na gaji da kaina. Karatun da na yi bai amsa min tambaya ɗaya ba. Hannatu ta san amsar, ita ma ta riga mu gidan gaskiya shekara shida ke nan.

Ubangiji ya ba Sista Rifkatu hutawa, ya ta'azantar da 'ya'yanta. Wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a.

Mu uku ne manya a falon ranar. Saura ni, kuma ban ce wa Sista na gode ba.