Kiran da Baba Ya Amsa

Inna ba ta taɓa faɗin sunan Baba ba har ta koma ga Allah. Haka matan zamaninsu suke, ba a kama sunan miji, ba a kama na ɗan fari. Ni kaina, da yake ni ce ta fari, "ke wagga" na tashi ina amsawa. Amma Baba nashi kiran daban ne. In tana son shi, sai ta rufe baki ta yi wani ɗan sauti ta hanci, gaɓa uku, mai bin hawa da saukar sunanshi, leɓenta ko motsi bai yi ba. Ko yana zaure cikin dillalai ana ta hayaniyar cinikin raguna, sai ka ji ya ce "Na'am," ya jawo takalmi. Muna yara muna dariyar abin a ɓoye, da munka girma munka daina ma jin shi, kamar kukan tantabarun gida.

Akwai kuma sunan da Baba da kanshi ya daina faɗi, na autanmu. Yaron nan kai gare shi, wallahi. Daga Tawa ya wuce Yamai, daga Yamai anka tura shi Faransa ya karanto aikin ruwa, duk unguwa na jiran ya dawo ya haƙa muna rijiyoyi. Sai labari ya zo wai ya aje karatu ya ɗauki gogen Turawa. Ranar Baba bai ci tuwo ba. Ya ce, "Mu daga Kalfu munka hito, noma da kiwo munka gada. Wa ya taɓa ganin maroƙi cikin zuri'armu?" Tun daga nan auta ya koma "wancan". Da Inna ta rasu, kafin ya samo jirgi ya biyo mota har an rufe ta. Ya durƙusa gaban Baba cikin masu gaisuwa, Baba ya miƙa mishi hannu kamar baƙo, ya ce Allah ya ba da lada, ya juya ga na bayanshi. Ina kallo ta labule, raina ya ɓaci har na rasa da wa zan yi fushi.

Shekaru sunka ja. Idon Baba ya yi rauni, ga hawan jini, tashi ma sai an kama shi. Gwaggo, ƙanwarshi da ke zaune da shi, kullum tana mishi nasiha cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi kuwa sai ya ce a miƙo mishi buta. Abin da ke hana ni sukuni guda ne: kada tsohon nan ya tahi bai yafe ma ɗanshi ba. Auta ma ya san da haka, shi ya sa duk maganarmu a waya nan take ƙarewa.

Ni malamar lakwal ce, makarantar boko. In na taso, bayan la'asar sai in biya gida in kunna ma tsofaffin bokal, saƙonnin muryar da dangi ke aikowa daga Abijan da Libiya da ƙauye. Muna zama gindin itacen bedi, Baba bisa tabarma, Gwaggo na tsince wake. Na auta kuwa dabara munka yi mishi: Gwaggo yake gaidawa, ita ake kunna mawa, Baba ya kau da kai yana jan tasbaha wai ba ya ji. Kowa ya san yana ji.

Wata rana auta ya aiko da gaisuwar Gwaggo, bayanta hoto, bayan hoton wani dogon bokal. Hoton su huɗu ne cikin baƙaƙen kaya, maza biyu mata biyu, kowa da gogenshi: ƙanana biyu, matsakaici a hannun auta, sai wani ƙato da wata mata ta rungume tsakanin ƙafafu kamar turmi. Ya ce shi ya tsara kiɗan, ya daɗe yana aikinshi, don Allah in kunna ma Baba.

Allah ya so ni na fara saurara a lakwal, lokacin hutu. Innalillahi! Na san goge, na ji na bukukuwa, na ji na matan Buzaye can arewa, na kuma ji kiɗan Turawa a talabijin mai daɗi lau. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Goge ɗaya ya ja wani sauti siriri, na biyu ya zo ya tsaya kusa da shi bai hau daidai ba, sai abin ya riƙa rawa cikin kunne har haƙorana sunka yi tsami. Ka ce amalanken da ba a sa ma mai ba. Abokiyar aikina ta leƙo ta ce ko wayata ta faɗa ruwa ne. Ban kai ko'ina ba na kashe, na fita bayan aji na kira shi.

Na ce, "Kai auta, duk shekarun ga da ka yi, ko ɗaure tsarkiya ba ka iya ba? Don wannan ka bar aikin ruwa?"

Ya yi dariya, abin da ya ƙara tunzura ni. Ya ce, "Yaya, da gangan ne. Su nan sun yanka sauti gida-gida, kamar kwanon awo, abin da ya faɗa tsakani sai su ce kuskure ne. To muryar mutum tsakanin nan take zama. Mu huɗun mun kwance tsarkiyoyinmu ne mun ɗaure su bisa wata murya. Kin ji shi har ƙarshe?"

Na ce, "Allah ya tsare ni! Ana kukan targaɗe kai kana kawo karaya. Tsohon da ya ƙi ka don kana kiɗa, in ya ji kiɗan ma ba ka iya ba, sai mi?"

Ya roƙe ni, na ce to, a raina kuwa na gama yanke cewa Baba ba zai ji wannan abu ba. Ko muryar wa yake nufi ban tambaya ba, haushi bai bar ni ba.

Da la'asar na je gida kamar kullum. Na kunna na dangi, na kunna gaisuwar auta, na aje wayar bakin tabarmar Baba don tsofaffin su ji da kyau, na shiga ɗaki dama fura. Na manta da halin waya, in bokal ya ƙare zarcewa take na gaba. Hannuna na cikin ƙwarya na ji abin nan ya tashi a tsakar gida.

Gwaggo ta ce, "A'uzubillahi! Mi ne ne wanga kuma?"

Na fito da gudu, ludayi a hannu, nono na bin yatsuna. Fuskar Baba ta ɗaure tamau, ya gane ko na wane ne. Ina sunkuyawa in ɗauke wayar sai hayaniyar ta lafa, gogen ukun sunka yi ƙasa ƙasa har sunka ɓace, sunka bar matsakaicin shi kaɗai. Ya ja gaɓa uku, a hankali.

Baba ya ce, "Na'am."

Ya faɗe shi ne yadda ya saba, ba tunani, hannunshi na laluben takalmi. Sai a lokacin kunnena ya buɗe. Inna ce! Wallahi tallahi Inna ce, da ƴar karkatar nan da muryarta ke yi a gaɓa ta tsakiya, da yadda take sakin ta ƙarshe kamar ta gaji. Ludayin ya faɗi cikin ƙasa. Wurin da na kashe a lakwal, kaɗan ya rage in kai nan.

Gwaggo ta watsar da waken ta dafe kai. "Yaya, ka amsa? Ka amsa? Wa ka gani da ka amsa?" Mu a wurinmu ko yaro ya san ba a amsa kiran da ba a ga mai shi ba, balle kiran wanda ke kabari. Ta shiga karanto duk abin da ya zo bakinta tana tofa mishi, tana ce mini in kashe, in kashe. Ni kuwa hannuna ya ƙi. Kiran ya sake zuwa, wannan karon daga ƙaton gogen, can ƙasa, sannan ƙananan sunka karɓa ɗaya bayan ɗaya, duk tsakar gidan ya cika da Inna. Da na ɗaga kai sai na ga Baba tsaye. Mutumin da sai mun kama shi mu biyu, ga shi tsaye shi kaɗai, fuskarshi wajen madafa, inda take zama.

Da ƙyar na kashe. Munka zaunar da shi, ina tsoron kada jinin ya hau ya faɗi a hannunmu. Can ya ce, "Wa ya ba shi wanga?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ta ke nan.

"Kira mini shi."

Na kira, na buɗe murya, na aje wayar inda take ɗazu. Auta ya ɗauka yana cewa Yaya, na ce mishi Baba ne ke tambaya, ina ka samo. Auta ya fara bayani. Ashe cikin wani tsohon bokal nawa ne, tun Inna na da rai. Ina ta zubar mishi da surutun bikin wata ƙawata, can bayana Inna ta yi kiran nan, wayar ta ɗauka. Bayan rasuwarta ya yi ta saurare. Ya gwada shi da ɗaurin gogen da anka koya mishi, yana kama da ita amma ba ita ba ce. Shi ne ya yi ta sassauta tsarkiya yana ƙara ja, har ranar da ya ja bakan gogen ya ji uwarshi. Sauran ukun sunka ɗaure nasu bisa nashi, shi ya sa ko'ina kiɗan ke jin a karkace.

Baba ya ce, ba tare da ya fuskanci wayar ba, "Matar da ta rufe bakinta duk rayuwarta don kunya. Abin da ta ɓoye, shi ka ɗauka ka kai gaban Turawa suna tahin hannu?"

Na ce shi ke nan, ƙofar da ke a saye yau an sa mata kwaɗo. Gwaggo ma ta daina tofi ta zuba mishi ido.

Auta ya ce, "Baba, ba wanda ya san ko mi ne ne. Ko waɗanda muke kiɗan tare ban hwaɗa musu ba, su sauti kawai suke ji. Duk duniya mutum ɗaya ne zai ji a kira shi."

Akuyar maƙwabta ta shigo tana cin waken Gwaggo, ba wanda ya kore ta. Baba ya sa hannu ya lalubo wayar, ya ɗauke ta da hannu biyu, ya kawo ta kusa da baki yadda tsofaffi ke yi. Sai ya kira sunan auta. Sunan nan cikakke, na yanka, wanda ban ji a bakinshi ba tun ina goyon ɗana na fari. Ni da Gwaggo munka dubi juna, ta rufe baki da gefen zane.

Daga can nesa auta ya ce, "Na'am, Baba." Kuka ya ci sauran.

Baba ya ce, "Ka zo gida. Uwarka ta kira, kuma ka ji na amsa. Kada ka makara kamar wancan karon."