Hannun Hagu a Ƙasa

A shekarun da na yi a Alƙahira, na yi imani cewa duk wanda ya yawaita yi maka tambaya, wani yake kai wa amsar. Bayan juyin juya hali, baƙi irinmu mun koyi riƙe baki, domin kalma ɗaya tana iya cinye wa mutum takardar izinin zama.

A wani gidan shayi a unguwar Ard al-Liwa na haɗu da shi: Bahaushen Sudan, maƙerin tagulla, wanda kakansa ya bar ƙasar Hausa a ƙafa. Da ya ji inda na fito, sai ya jawo kujerarsa kusa.

"Malam, gaskiya ne a wajenku samari na yin alkafura ranar da aka gama girbi?"

Gaskiya ne. Mahaifina ma ya yi. Saurayi kan dafa ƙasa da hannun hagu kaɗai, ya juya, hannun damansa riƙe da zangarniyar gero, kuma ba a yarda ta taɓa ƙasa ba. Amma sai na tambayi kaina: me ya haɗa maƙeri da girbinmu? Me ya sa yake rubutu a ƙaramin littafi?

Mako uku yana tambaya. Wane ƙauye? Wane hannu ke fara sauka? Na ambaci garin da ba namu ba. Na ce da hannu biyu ake yi, kamar ko'ina. Har na sauya hanyar da nake bi zuwa unguwar Dokki.

Wata Juma'a bayan masallaci ya ja ni shagonsa. Na shiga ina duban ƙofa. Ya yaye tsumma daga kan wani mutum-mutumi na tagulla: saurayi, ƙafafu a sama, hannuwa biyu a ƙasa.

"Kakana kullum yana cewa akwai gero a cikin wasan," in ji shi. "Na ɗauka tsufa ne ya rikita shi. Da ka ce hannu biyu, sai na bi naka, tunda kai ka gani da idonka."

Ko a lokacin, wani sashe na zuciyata yana neman tarko a cikin maganarsa. Sannan na faɗa masa gaskiya, har da sunan ƙauyenmu.

"Ma'alish, ba komai, Malam," ya ce, ya mayar da tsumman.

Daga baya ya narkar da mutum-mutumin, ya zuba wani mai hannu ɗaya a ƙasa, ɗayan riƙe da zangarniya. Muna gaisawa har na bar ƙasar. Bai sake tambayata komai ba.