Tarin Injin Jaji

Hambali ɗan Kulu mai ƙosai bai taɓa jin ƙara ya wuce ta ba. Tun yana rarrafe, in murfin tukunya ya faɗi sauran yara su firgita, shi sai ya ɗauka ya sake yarwa, ya kasa kunne. Uwarsa ta kai shi wurin malamai, suka ce lafiyarsa ƙalau, kunne ne ya yi masa yawa. Da ya tasa ya koyi gyaran injin ban ruwa, ya kafa rumfa a bakin kanal kusa da Bunkure. Hannunsa kuwa yana da kyau, har daga Kura manoman tumatir suke ɗauro masa injinansu a bayan babur.

Wajen shekarar 2005 tsautsayi ya haɗa shi da wata 'yar rikoda. Ya shiga bin gonaki, yana durƙusawa gaban injin mutane kamar mai gaida suruki, yana ɗaukar ƙararsa. In ya tara sai ya hau mota zuwa Kano wurin abokinsa mai kwamfuta, su yayyanka ƙarar gutsi-gutsi, su jera, su ƙara mata gudu. Haka aka haifi kaset ɗinsa na farko. Ba waƙa, ba amshi, ba ya rawuwa ko da ƙafarka ta roba ce. Ka ce kwanukan amarya aka juye cikin injin niƙa. Shi kuwa gogan in ya kunna har lumshe ido yake yi.

A ranin nan ne aka fara satar injina. Mutanenmu dai ba sa zargi da baki, da ido suke yi. Hambali ya lura in ya doso gona sai a kashe inji a rufa masa buhu, kamar an ga baƙo ana cin nama. Wasu suka ce leƙen asiri yake wa ɓarayin birni. Mata a gidan suna suka ce ai ba haka ba ne, muryar injin yake kamawa, in ya kai ta Kano sai gangar jikin ta bi ta. Rumfarsa ta bushe. Mai tallar gyaɗa ma ta daina tsayawa.

Cikin waɗanda aka yi wa sata har da Jaji, dattijo mai albasa da saurin hannu. Injinsa tsoho ne, kowa ya san shi, don sai ya yi tari biyu ya yi fito kafin ya jawo ruwa.

Ran kasuwar Bunkure Hambali ya roƙi mai sayar da kaset ya saka sabon kaset ɗinsa a lasifika, ko Allah zai kawo mai saye. Awaki suka tsinke igiya. Jaji yana cinikin buhu sai ya daskare. Cikin wannan hargitsin ya ji tari biyu da fito, ya sake ji, ya sake ji. Kafin Hambali ya ankara wuyan rigarsa na hannun tsoho.

“Ɗan Kulu, injina ke nan yake kuka a cikin akwatinka! Ina ka kai shi?”

“Baba Jaji, sake ni in yi numfashi mana.”

“Shi ka bar shi ya yi numfashi?”

Aka tasa su gaban mai unguwa, kasuwa ta biyo baya. Hambali ya san in maganar nan ta zauna a kansa, ya gama riƙe sifana a ƙasar Bunkure. Mai unguwa ya sa aka kunna kaset, ya jure abin da zai iya jurewa, ya ce a kashe don Allah.

“Ranka ya daɗe,” in ji Hambali, “ni ban taɓa ɗaukar komai a gonar Baba Jaji ba. Ranar da na je, da fartanya ya koro ni.”

“Ƙwarai kuwa!” in ji Jaji, har da bugun ƙirji. “Kuma in ka dawo in ƙara.”

Mai unguwa ya ce to a ina injin ya yi masa tari? Hambali ya sa aka mayar da kaset ɗin wurin tarin, ya saurara. Can ya ce a gonar Amiru ya ɗauka, ta wajen Garun Mallam, bayan an yi satar. Amiru kuwa ƙanen Jaji ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya fi kowa yawo da maganar ɓarayin birni.

Aka je. Ga inji an shafe shi da shuɗin fenti, aka ja igiya, ya yi tari biyu ya yi fito. Amiru ya rantse a hannun wani baƙo ya saya. Har yau ba a ga baƙon ba, har yau kuma 'yan'uwan ba sa cin tuwo a kwano ɗaya.

Kaset dai bai sayu ba. Amma washegari Jaji ya ɗauro injin zuwa rumfar Hambali, mutane suna gani, kuma a hankali suka biyo sahu.

“Ka wanke masa ciki, ka canja mai,” in ji Jaji. “Amma tarin nan kada ka kuskura ka taɓa shi.”

Ya jawo benci ya zauna, ya ɗora ƙafa a kan jakar rikodar, idonsa a kan hannun Hambali har aka ɗaure ƙusa ta ƙarshe.