Rabe da Motar da ke Kama Sitiyari

Shekara talatin da ɗaya Rabe ya yi yana tuƙi tsakanin Nguru da Gashua, ko kaza bai taɓa takawa ba. Ni Babayo mai faci a bakin tasha shaida ne, don duk direban da ya yi ɓarna, a rumfata ake fara yanka labarinsa. Gajere ne Rabe, sai ya ɗora matashi a kujera yake hango hanya. Da karen mota ya fara a akori-kurar kifi, ya ƙare direban Alhaji Yuguda, ɗan kasuwar nan da kakansa ya zo daga Haɗeja.

Bara ɗan Alhaji ya aiko masa da mota mai lantarki, ana cajinta da sola kamar waya. Aka ce tana da ido a gilashin gaba, tana kallon farin layin titi, in direba ya kauce sai ta murɗo sitiyarin da kanta. Na ce wa Rabe ya fara neman jarin rake, an kawo wanda zai gaje shi. Bai yi dariya ba.

"Babayo, akwai hannu a cikin sitiyarin nan," ya ce. "Ina jin sa."

Na ce to a nemo mai ruƙiyya.

Wata Laraba da hantsi, lokacin kakar shinkafa, suka rage mini hanya zuwa Gashua. Ina gaba, Alhaji yana baya yana waya. Motar ba ƙara, sai kukan taya a kwalta. Mun wuce Jajimaji kaɗan muka shiga inda aka sabunta titi, layi fari tas. A wannan lokaci manoma kan shanya shinkafa a rabin kwalta, direba kuma ya san abin yi: ya koma ɗaya hannun, ya wuce, ya dawo. Ba mai kunna sigina a daji, wa za ka nuna wa, shanu?

Muka hango shanya a hannunmu, mata uku a tsugune suna baza ta da hannu, sun ba mu baya. Rabe ya karkata hagu kamar yadda ya yi sau dubu. Sai motar ta yi ƙara tit-tit, na ga sitiyarin da idona ya juyo dama a cikin hannunsa, hancin motar ya koma kan matan.

Ba su waiwayo ba. Ina za su ji mu? Da tsohuwar mota ce, tun daga nesa gurnaninta ya tashe su. Na ga zanen ta tsakiyar, shuɗi mai ɗigon rawaya, yana ƙara girma a gilashi. Na buɗe baki in yi salati, harshen nan nawa da ya addabi tasha ya ƙi motsi. Rabe ya miƙe daga kan matashinsa, ya danna hon, ya taka birki, ya fizgi sitiyarin da duk nauyinsa. Taya ta hau gefen shanyar, shinkafa ta watsu a jikin ƙofa kamar tsakuwa. Muka tsaya a karkace.

Mai shuɗin zanen, wata tsohuwa, ta miƙe tana kakkaɓe hannu. Tsakanin ƙafarta da sawun taya bai fi kamu biyu ba. Ta dubi Rabe ta ce, "Ɗan nan, motar ce kurma ko kai?" Ya durƙusa gabanta yana ba ta haƙuri. Ni kuwa sai da na duba wandona.

Alhaji bai ga komai ba, wayarsa kawai ya tsinta a ƙasan kujera. "Rabe, tsufa ne ya zo," in ji shi. "Ba don motar na da hankali ba da ka kashe mutum. In hannunka ya fara rawa ka gaya mini, in nemi wani."

"Ranka ya daɗe, dawo gaba," Rabe ya ce. "Babayo, koma baya."

Ya ja mu a hankali zuwa inda ba kowa a titi, ya ce Alhaji ya ɗora hannunsa ɗaya a sitiyarin. Ya karkata hagu. Motar ta yi tit-tit ta murɗo. Alhaji ya cire hannu kamar ya taɓa kunama. Gaba kaɗan layin ya goge, Rabe ya sake karkatawa, ba ta ce uffan ba. Inda aka yi facin kwalta dogo kuwa, ba wanda ya taɓa ta, ta ja mu wajen rami.

Rabe ya ce, "Ka gani, Alhaji. Inda nake buƙatarta barci take, inda na fi ta sani nan take gardama."

Alhaji ya kira ɗansa. Ɗan ya ce da an kunna sigina da ta ƙyale shi, kuma ana iya kashe abin a allon motar, sai dai duk sanda aka tayar da ita yana dawowa.

"Ranar da na manta fa?" Rabe ya tambaya.

Alhaji ya kashe wayar yana kallon tafin hannunsa. Har muka shiga Gashua Rabe bai wuce gudun amalanke ba, duk shanyar da ya hango tun daga nesa yake danna hon, mata suna zaginmu. Ban yi masa tsiya ko sau ɗaya ba.

A ƙofar shago ya miƙa wa Alhaji makulli. Alhaji bai karɓa ba.

"Riƙe ka mayar da mu gida," ya ce. "Gobe ka wanke tsohuwar motar. Wannan ta riƙa kai ni masallaci."