Tsohon Isufu Ba Zai Bi Ni Kano Ba

Shekara shida ke nan da muka binne Isufu a nan Dubai. Mutumin Damagaram ne, abokin ɗakina a unguwar International City, tare muke haɗa wa 'yan kasuwa kaya a kwantena. Jakar tufafinsa mun aika wa iyalinsa. Ni kuwa Tsoho na gada.

Tsoho tsiro ne mai ƙaya, dangin kaktus, ya miƙe sanda-sanda daga gindi ɗaya, jikinsa duk farin gashi kamar furfura. Ranar da Isufu ya sayo shi a kasuwar 'yan Sin, da muka ga ƙaya sai muka ce ai ɗan hamada ne, muka kai shi baranda. Zafin Yuli ya kusa dafa shi. Sai da Isufu ya koma wurin mai sayarwa aka ce masa asalinsa daga kan dogayen duwatsun Kudancin Amurka ne, inda dare ke da sanyi. Tun daga nan ya samu gurbi a taga kusa da esi, katifata kuma aka tura ta bakin ƙofa. Na yi mita har na gaji.

"Haba Malam Sani, shwaiya, bi a hankali," in ji Isufu. "Baƙo ne kamar mu, shi ko waya ba ya iya bugawa gida."

An ce yana yin jan fure. Isufu bai gani ba. Bara Tsoho ya yi guda ɗaya tak, na tsaya a kansa da waya a hannu, na rasa wanda zan kira. Waɗanda muka ɗauki gawar tare duk sun watse. Kaɗaicin ranar ya fi na ranar jana'iza ciwo. Da Isufu zai leƙo yau, ba fuskar da zai sani a benen nan sai tawa, kuma na san dariya zai yi ya gan ni ina juya tukunya don kowane gefe ya samu haske.

Yanzu bizata ta kusa ƙarewa, gwiwoyi ma sun gaji, gida zan koma. Tsoho ba zai bi ni ba. Bazarar Kano da ɗaukewar wuta za su kashe shi. Don haka na roƙi Bashir, sabon abokin ɗakina, mutumin kirki.

"Khalas, shi ke nan, Baba, bar shi nan. Yaya ake ba shi ruwa?"

Na faɗa masa: kaɗan-kaɗan, sai ƙasar ta bushe. Sannan na tsaya ina jiran ya tambaye ni na wane ne. Ya koma kan wayarsa.

Abin da zai rage na Isufu a garin nan ke nan, kabarin da ba mai ziyarta, da tsiron da za a shayar ba a san sunan mai shi ba. Allah ya jiƙansa.